Agogon da Ya Fi Mai Gyaransa Tsawo

Shekara talatin da takwas Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin mai yanka makulli da mai gyaran takalmi. Teburi ne mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalabe cike da kusoshin da in ka yi atishawa sai ka nemi rabinsu ka rasa. Mutum ne da ko aski za shi sai ya tsara tun jiya.

Sai ido ya fara ja da baya. Da farko ya ɗora wa fitila laifi, ya sauya ƙwai. Ranar da ya ɓata agogon wata malamar makaranta, ya kai kansa asibiti. Likita bai ɓoye masa ba: abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma tafiya yake yi. Mai Agogo bai gaya wa kowa ba, har matarsa, Maman Auta. Tsoro yake ji, tsoron a ce hannunsa ya tashi aiki, ya koma wanda ake ja a kai inuwa.

Wata safiya ya ce mata, "Ɗauko jakarki, teku za mu gani."

"Wace teku kuma? Baban Auta, lafiyarka kuwa? A gidan wa za mu sauka?"

"In mun je ma gani."

Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba, sai ta bi shi don ta ga ƙarshen abin.

Mota biyu suka hau. A bakin ruwa suka tarar da jirgi yana lodin buhuna zuwa wani tsibiri, ya ja hannunta suka faɗa ciki. Da la'asar suka sauka, suka iske masauki ɗaya tal da ke tsibirin an yaye rufinsa ana gyara, jirgin kuma ba zai koma ba sai jibi. Maman Auta ta zauna kan jakarta ta ce, "To, ga shi mun zo mun gani."

Matuƙin jirgin ne ya nuna musu wata farar hasumiya a kan dutse, wadda da can take haska wa jirage hanya. Ya ce tsohuwar da ke gadinta takan ba baƙi ɗaki.

Ɗakin yana can ƙoli. Matakala ɗari da ashirin da bakwai, kuma babu wadda Maman Auta ba ta yi wa mita ba. Da suka isa, ga ɗaki zagayayye kamar faifai, ta yi ta neman lungun da za ta jingina jaka ta rasa. Sai ta ɗaga kai ta ga tagogi, mitar ta tsaya cak. Ruwa gabas, ruwa yamma, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafarta. Ta dafa bango ta ce, "Allah mai iko." Shi kuwa shuɗin hazo kawai yake gani, bai san inda ruwa ya ƙare sama ta fara ba. Ya ce, "Kai, da kyau," zuciyarsa tana ƙuna.

Yana juyowa gwiwarsa ta bugi wani abu a tsakiyar ɗakin, lulluɓe da tamfol. Tsohuwar da ta rako su ta ce injin da ke juya gilashin fitila ne. Mijinta marigayi ne ke murza shi yana yi masa wani, shekara goma sha ɗaya ke nan bai motsa ba. Makanikai biyu sun gwada sun haƙura.

Mai Agogo ya yaye tamfol ya kai hannu. Ya shafa ƙarfen. Agogo ne! Wili-wili na tagulla masu haƙora, sak irin waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗauka da ɗan hantsaki, amma nan kowane haƙori ya kai babban yatsansa. Ga sarƙa, ga dunƙulen ƙarfe da ke jan ta ƙasa. Ya bi haƙoran da yatsu, ya ji maiƙo mai tsakuwa-tsakuwa, sai ya yi tsaki.

"Makanikan mota kika kira ko, Inna? Sun lafta masa giris, gishiri da yashi sun manne. Agogo ba ya son mai da yawa. Wanka yake so."

Washegari da sassafe ya sa aka kawo kananzir, da tsohon buroshin haƙori, da man keken ɗinki. Ya wanke haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya ɗiga mai ɗigo ɗai-ɗai a inda ƙarfe ke juyawa kawai. Bai nemi fitila ba, yatsunsa sun san hanya. Hantsi ya dubi ludayi kafin ya kama mariƙin injin ya murza, dunƙulen ƙarfen ya hau, ya saki.

Shiru. Sannan ƙas, ƙas, ƙas. Katafaren gilashin da ke saman kansu, wanda ya fi mota nauyi, ya fara juyawa a hankali, ya kama hasken rana ya watsa shi a bango. Tsohuwar ta zauna daɓas a kan matakala ta rufe fuska da zane. Maman Auta tana ta juyi tana cewa, "Dubi! Baban Auta, dubi abin da ka yi!"

Ya ɗaga kai. Wani fari-fari ne ke wucewa ya dawo, shi ke nan. Amma sautin yana shiga masa har ƙashi, daidai, babu gardama, kuma hannunsa ne ya tashe shi. Tsoron ya sake shi.

"Maman Auta," ya ce, "faɗa min abin da kike gani. Ni ba na gani."

Ta daina juyi. Ta dubi idanunsa, ta daɗe. Sannan ta matso ta riƙe hannunsa mai warin kananzir.

"Akwai ja," ta ce. "Bayansa ruwan ɗorawa. Tsaya, ga kore nan yana zuwa ta kafaɗarka."