Kitsen Tsinke

Yayana ya yi shekara ashirin da biyu yana zuba narkakken ƙarfe a kamfanin ƙera tukwane. A wurin aiki Tsinke ake ce masa, don tun muna yara bai taɓa yin jiki ba. Mahaifiyarmu takan ce ciyar da shi ɗibar ruwa ne da kwando. Ba shi da yawan magana. In ya taso aiki sai ya wanke safarsa ya shanya, ya zauna bakin ƙofa yana gyara wa maƙwabta rediyo da fanka, 'ya'yansa mata uku suna kaiwa da komowa a kansa.

Wata Talata da hantsi ruwa ya ɗiga daga rufi cikin kaskon da yake riƙe da shi. Ƙarfen ya yi tsalle ya same shi a gefen hagu, daga kunci har wuya. Wata huɗu ya yi a asibiti. Aka yanko fata daga cinyarsa aka rufe wurin, amma da tabon ya warke sai ya ƙanƙance, ya janye leɓensa ƙasa, fatar idon ta ƙi rufuwa. Matarsa ce ke liƙe masa idon da filasta in zai kwanta. In ya sha ruwa, rabi a rigarsa yake ƙarewa. Autarsa ta daina hawa cinyarsa, kuma wannan ya fi ƙunar ci masa rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Bayan shekara guda muka ga likitar gyaran fuska, wata gajeriyar mace da ba ta kewaye-kewaye. Ta ce akwai dabara: a zuƙo kitse daga jikinsa, a tace, a ɗura shi da allura ƙarƙashin tabon, sai fatar ta yi laushi ta saki. Ta ɗaga rigarsa ta tsunkuli cikinsa, ba ta kama komai ba sai fata.

Ta ce, "To, Malam, ina kitsen?"

Matar Yaya ta ce, "Likita, ga nawa nan ku kwashe. Dama ya dame ni."

"Jikinsa ba zai karɓi na wani ba. Sai nasa."

Wata tara Yaya ya yi yana cin abinci kamar mai shan magani. Ƙwai, madara, burodi da man shanu, sau biyar a rana, da karkataccen bakin da ba ya riƙe loma. Wani lokaci ya yi amai, ya wanke baki, ya dawo kan kwanon. Ya ƙara kilo goma sha ɗaya. Da tsofaffin abokan aikinsa suka zo dubiya, ɗaya ya ce Tsinke ya zama taɓarya. Yaya ya yi dariya da rabin bakinsa.

Ranar tiyata aka zuƙi kitsen daga cikinsa da cinyoyinsa, aka raba shi cikin kwalabe goma sha huɗu, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba. Huɗu aka ɗura masa a ranar. Likita ta ce jiki na shanye kusan rabin abin da aka sa, dole a maimaita, don haka za a daskarar da goman da suka rage, ba sai an sake huda shi ba.

Kafin a sallame shi ya nace sai ya ga inda aka ajiye. Ma'ajin wurin, wani dattijo mai furfura, ya sauka da mu ƙasan bene. Ɗaki ne marar taga, da manyan tukwanen ƙarfe guda biyar a jere. Ya sa safar hannu mai kauri, ya buɗe ɗaya, farin tururi ya malalo har ƙafafunmu. Ya ce ruwan da ke ciki ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, in ya taɓa yatsa sai ya ƙone shi. Yaya ya ƙwanƙwasa jikin tukunyar da bayan yatsa, ya saurara, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aikinsa."

Bayan wata huɗu aka narkar da huɗu aka sake ɗura masa. A sati na uku idon ya rufu da kansa. Matarsa ta kira ni a waya tana kuka, na zaci wani abu ne ya faru.

Saura kwalabe shida, kuma likita ta ce su ne na gyaran bakin. Sai tari ya kama shi. Da farko muka ce mura ce. Hoto ya nuna ƙura da hayaƙin shekarun nan sun cinye huhunsa. Likitan da ke sa barci ya ce ba zai taɓa shi ba sai numfashinsa ya daidaita. Sau uku ana ɗage ranar. Jikin da ya tara da ƙyar ya zube cikin wata biyu, har zoben azurfarsa ya riƙa faɗuwa daga yatsa. Wata rana ina gyara masa filo ya ce, "Kwalaben suna nan dai ko?" Na ce suna nan, Yaya. Ya ce, "To, su jira ni."

Ya rasu da la'asar, ranar wata Asabar, yana da shekara arba'in da bakwai.

Bayan wata biyu ma'ajin ya kira, ya ce ana buƙatar sa hannun iyali a kan kwalaben da suka rage. Na raka matar Yaya. Ya yi mana ta'aziyya, ya ajiye takarda a gabanta.

Ta ce, "Baba, ba za ku ba ni su ba? In kai su kusa da kabarinsa."

Ya ce doka ba ta yarda a fitar da su ba. Hanya biyu ce: ko a ƙona su tare da sauran abin da asibiti ke ƙonawa, ko a bai wa masu bincike su koyi aiki da su.

Ta duba takardar. Sannan ta ce, "Ban da wuta."

Ya nuna mata layin ƙasa, ta sa hannu. Ta tambaye shi ko za a sanar da ita abin da aka yi da su. Ya ce a'a, da zarar an cire suna an sa lamba, shi kansa ba zai gane su ba.

Muka hau matakala muka fito. Motar haya ta daɗe ba ta zo ba, muka tsaya a inuwar wani shagon magani. Can ta ce babbar 'yarta na da jarrabawa ranar Litinin, ko zan samu lokaci in zo in duba mata lissafi. Na ce zan zo.