Ranar da na yi wa dattijo musu

Shekarun baya, tun zamanin da sai ka sayi kati a shago ka kankare kafin ka kira gida, na sauka Paris da akwati ɗaya da digirina na kemistiri. Wata jami'a a Villeurbanne, gefen Lyon, ta ba ni gurbin digiri na biyu, amma da sharaɗi: in kawo takardar shaidar na iya Faransanci kafin a koma karatu a watan Satumba. In ban kawo ba gurbin ya tafi, takardar zama ma ba za a sabunta mini ba, sai in tattara in koma Katsina. Faransancin da na zo da shi kuwa bai wuce gaisuwa da na gode ba.

Na shiga wata makarantar koyon harshe a unguwar Belleville, a saman wani shagon sayar da yadi. Ajinmu ba irin mutanen da babu, 'yan Sin, Turkawa, 'yan Brazil, kowa da irin yadda yake karya harshen mutane. Ni dai Allah ya yi ni da baki. A gidanmu in aka ji tsakar gida shiru, to an aike ni ne. Kafin wata uku na fara musu da 'yan ajin da ɗan abin da na tsinta, har da wani ɗan Brazil a kan ƙwallon ƙafa, abin da ban san kansa ba. Malamarmu, wadda ba ta girme ni da yawa ba, takan ce in dai ɓangaren magana ne ba ta da fargaba a kaina. Ni ma ba ni da ita.

Jarrabawar kashi-kashi ce, akwai karatu, rubutu, saurare, sai magana. A ta magana za ka zari takarda mai ɗan rubutu a kan wani batu, a ba ka lokaci ka shirya, ka faɗi ra'ayinka, daga nan mai jarrabawa ya tattauna da kai. Tawa ta faɗo a kan hana motoci shiga tsakiyar birni. Na shirya tsaf, na shiga, sai na tarar da wata tsohuwa, kanta fari fat, da tabarau rataye a wuya. Na gaishe ta har da rusunawa. Na zuba bayanina tiryan-tiryan, na ce a hana motocin.

Da na gama sai ta ce ita ba ta yarda ba, masu shaguna za su rasa ciniki. Na sunkuyar da kai na ce, “Gaskiyarki, madam.” Ta ce tsofaffi kuma da me za su je asibiti? Na ce haka ne, ban yi wannan tunanin ba. Can sai ta juya ta ce, to amma hayaƙi fa, ai gara a hana motocin. Na ce wannan ma gaskiya ne. Idona na kan teburin har aka ce lokaci ya cika. Na fito ina jin daɗin kaina, ina cewa ko ba komai matar nan ta ga 'yar gidan tarbiyya.

Sakamako ya fito, na ci sauran kashi ukun, na faɗi magana warwas. Dokarsu kuma in ka gaza ƙaramin makin da aka yanka a kashi ɗaya, ka faɗi duka. Malamarmu ta zaunar da ni bayan aji ta ce in ba ta labarin yadda aka yi. Ina cikin bayani ta dafe kai.

“Kenan duk abin da ta ce kin amsa? Ba ki ko kalle ta ba?”

Na ce matar nan fa ta haifi mahaifiyata. Ta ya zan zuba mata ido in ce ba haka ba ne?

Ta ce, “Aikinta ke nan, ta ƙi abin da kika ce don a ga ko za ki iya kare shi. Da kika yi ta amsawa, ta ɗauka ba ki gane abin da take faɗa ba ne.”

Na ji haushi ranar, ba kaɗan ba. Abin da aka yi shekaru ana dasa mini, wanda ko'ina na shiga ake sa mini albarka a kansa, shi ne ya kayar da ni.

Zaman jarrabawa ɗaya ya rage mini kafin Satumba, a watan Yuni. Na bar Paris na koma Saint-Fons, wajen Lyon, gidan wata 'yar'uwar mahaifiyata ta Maraɗi da nake kira Inna. Mijinta, Baba, ya daɗe yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun sinadarai da suka cika unguwar, in ka buɗe taga da safe warinsu ne ke fara gaishe ka. Suna da 'ya sa'ata, a can aka haife ta, tana aikin jinya. Da safe in hau bas in je wata ƙaramar makarantar harshe a cikin gari, da rana in dawo.

Ranar da na iso, bayan an gama gaishe-gaishe an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “To ɗiyata, mi kika yi ma tsohuwar?”

“Ba abin da na yi mata, Baba.”

“Ai shi ne laihin. Bon. Daga yau bisa tabur ɗin ga ba a Hausa, sai Faransanci. Kuma duk abin da na ce, ki ce a'a, ki kawo dalili. Ba shawara ba ce, umurni ne.”

Na ce, “To, Baba.”

'Yarsa ta kwashe da dariya har tana buga teburi. “Papa, ka gani? Har ta hwaɗi tun ba a soma ba.”

Makonnin farko wahala ce zalla. Baba zai ce shinkafa ta fi tuwo, ko jirgin ƙasa ya fi jirgin sama sauri, in buɗe baki in ce a'a da muryar mai neman gafara, idona cikin faranti. Dalilan na nan cike da kaina, amma da zarar na hango furfurar gemunsa sai in haɗiye su. 'Yarsa kuwa musu take da shi a kan komai, siyasa, gishirin miya, har tana nuna shi da cokali, ni ce ke yin gumi a madadinta. Na taɓa yi wa Inna maganar a kicin. Ta ce, “Nan haka suke, tun suna lakwal, makaranta ke nan, ake koya musu. Da hwari ni ma kuka na yi, na ce na haihi marar kunya. Amma ki duba, wa ke yanke mishi ƙumba? Wa ke bin shi da maganin hawan jini?”

Wata Lahadi da rana ana cin dambu, Baba ya gyara zama ya ce da Faransanci, hankalinsa kwance, Katsinawan asali su ne na Maraɗi, mu na can aron sunan muka yi, kuma ko fura ba mu iya damawa ba. Ban san sanda na ajiye cokali ba. Na ce ba gaskiya ba ne. Na kawo ganuwa, na kawo hasumiya, na kawo furar kakata da mutane ke aiko ƙwarya tun daga wata unguwa. Kalmomi na fita a karkace, namiji ya koma mace, jiya ta koma gobe, ko a jikina. Sai da na kai ƙarshe na lura ido cikin ido nake kallonsa, hannuna ma a sama. Inna ta rangaɗa guɗa a cikin falon bene, har maƙwabci ya buga bango.

Kunya ta rufe ni, na tashi na shige kicin na wanke kwanonin da ma an riga an wanke. Da la'asar na zo na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, “In kika ƙara ba ni haƙuri, sai na kira uwarki na hwaɗa mata ba ki jin magana.”

Daga nan abin ya ɗan saki. Ba wai ya zama mini daɗi ba, na dai iya.

Ranar jarrabawa, tun a cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, nake addu'a Allah ya haɗa ni da matashi ko matashiya. Ina buɗe ƙofa na ga dattijo mai farin gemu, sandarsa jingine da kujera. Na ce a raina, to, an amsa, amma ba yadda na roƙa ba. Takardar da na zara a kan gidajen kula da tsofaffi ce. Na ce ra'ayina tsoho ya tsufa cikin iyalinsa.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce a hankali, a gidan tsofaffi akwai likita, akwai masu jinya dare da rana, me iyali za su ba tsoho da ya fi wannan? Na ji bakina na shirin cewa gaskiyarka, na danne shi da kyar. Na ba shi labarin kakata, wadda ɗakinta ke bakin ƙofar gidanmu, duk mai shiga da mai fita sai ya tsaya ya gaishe ta. Tana ɓarar gyaɗa tana raba faɗan yara, ba a sa ranar biki sai an ji ta bakinta. Na ce har ta rasu ba ta yi wuni ɗaya ba wanda ba a buƙace ta ba, kuma wannan ba likitan da ke rubuta shi.

Ya ce, “Wa ke mata wanka? Wa ke tashi in ta yi tari?”

Na ce mahaifiyata.

“Ita kuma me ta bari don ta yi hakan?”

Na ce ta bar koyarwa. Na yarda wannan nauyi ne, kuma mata ne ke ɗaukarsa, amma gyara shi ne maza su sa hannu, ba a kwashe tsohuwa a kai ta cikin baƙi ba.

Sai ya jingina ya ce, “Amma ke ai kin riga kin bar taki mahaifiyar. Kina nan, tana can.”

Maganar ta soke ni. Na ɗago na kalle shi sosai na ce a'a, ban bar ta ba, ita ta turo ni, da addu'arta na zo, kuma ina gamawa zan koma. Muryata ta hau, na ji ta da kunnena. Na yi ta magana har sai da ya ɗaga hannu ya nuna agogo.

Na kai bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi fita. Na juyo na rusuna na ce ya yi haƙuri, na ɗaga masa murya. Ya yi dariya har gemunsa na rawa. Ya ce, “Wanda ya shigo kafin ke cewa ya yi a kai tsofaffi gidan kulawa, ni kuma na dage sai an bar su a gida. Ki gaida gida, madmazel.”

Na ci jarrabawar, kuma makin magana ne ya fi sauran. Na sayi kati na kira mahaifiyata, na kwashe labarin duka na ba ta, ina jiran yabo. Ta yi hamdala, sannan ta ce, “Dattijo guda kika tsaya kina sa-in-sa da shi? Kin dai ba shi haƙuri ko?” Na ce na ba shi, Umma. Ta ce to madalla, yanzu ta ji an ci jarrabawa.

Na yi karatun na gama, na sami aiki a wani ɗakin bincike a nan Lyon. Yau musu da masu furfura shi ne rabin aikina, in shugabanmu ya kawo lissafin da bai yi ba, a gaban kowa nake ce masa bai yi ba, mu fita mu sha kofi tare. Na gane mutanen nan in suka tsaya suna ja da kai, sun ɗauke ka da muhimmanci ne. Amma da Faransanci kawai na iya. Da zarar an juya Hausa, babba ya yi magana, kaina ke sunkuyawa da kansa, kuma ban taɓa jin ina son in gyara wannan ba.

Abin da ya rage mini a rai shi ne maganar dattijon nan. Na san aikinsa yake yi, wataƙila kafin yamma ya manta da ni. Na ci jarrabawa da hujjar cewa ba a barin uwa, takardar da hujjar ta samo mini kuma ita ta ba ni damar zama nesa da tawa. Na ce masa ina gamawa zan koma, ga shi har yau ina nan, sai hutu. Umma ta tsufa yanzu, tana gidan ƙanena, ɗakinta a bakin ƙofa. In na kira, matarsa ce ke ɗauka, ta ce in ɗan jira, yanzu ta gama yi mata wanka.