Rabaran Ya Tsallaka

Mijina limamin cocin Angalikan ne lokacin da aka turo mu Jibiya. Cocin ƙarami ne mai rufin kwano. Masu zuwa ba su da yawa: ma'aikatan kwastan da iyalansu, 'yan kudu masu sayar da kayan mota, da Hausawa kaɗan 'yan ƙauyukan kudancin Katsina irinmu. Duk garin Rabaran ake ce masa, har Musulmi. Ni kuma Maman coci.

Aiki biyu gare ni ranar Asabar. In gasa gurasar Jibin Ubangiji da za a gutsuttsura wa jama'a kashegari, in kuma saurari wa'azinsa kafin kowa. Bayan la'asar yakan jawo kujera kusa da murhu ya karanta mini abin da ya rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma kunnena yake so. In na ce, "Baban yara, nan ya yi tsawo, 'yan kwastan za su yi gyangyaɗi," sai ya yi dariya ya soke. Ban taɓa zaton wannan wuri ne da wani zai iya zama a cikinsa ba.

Wani direba ɗan cocinmu ya yi haɗari a hanyar Maraɗi, aka kwantar da shi a can. Maigida ya tsallaka iyaka zuwa Nijar duba shi. A asibitin ya haɗu da wani Fada na Katolika, tsoho, mutumin Nijar, mai Hausar Gobirawa. Ya dawo da littattafai a jakarsa. An sallami direban, ƙafarsa ta warke har ya koma bakin aiki, amma maigida bai daina zuwa duba mara lafiya ba.

Wata rana da safe ya gaya mini, ina tsintar shinkafa.

"Malama, na daɗe ina kokawa da abin nan. Zan ajiye aiki. Zan koma Katolika."

Na ce, "Me suka fi mu da shi?"

"Ba maganar fifiko ba ce. Na shiga ne na ji kamar na zo gida."

Na mayar da idona kan shinkafar. Na ci gaba da tsintar tsakuwa. Amma kalmar nan ta gida ta zauna mini a ƙirji, domin ni na ɗauka inda nake nan ne gidansa.

Labari ya bazu a gari cewa Rabaran ya bar addininsa. Kashegari sai ga maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya yi sallama da ƙullin goro da sabuwar hula a hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Alhamdu lillahi, Rabaran! Mun jiya ka ga gaskiya. Wane suna ka zaɓa? In ba ka zaɓa ba ina da guda."

Maigida ya shimfiɗa masa tabarma, ya yi masa bayani a hankali cewa coci ya bari ya koma wani coci. Alhaji ya juya hular a hannunsa.

"To mi aka yi ke nan? Wanga ai kamar mutum ya bar wata ɗariƙa ya kama wata. Kuna dai iya bin liman guda, kai da iyalinka?"

"Za mu iya zama wuri guda mu yi addu'a. Amma gurasar ibada, ba zan ci tasu ba, ita ma ba za a ba ta tamu ba."

"Ashe ku ma kuna da irin namu," in ji Alhaji. Ya bar masa goron, ya koma da hularsa.

A bakin ƙofa nake, na ji maigida ya ce tasu da tamu. Ni ce tasu ɗin.

Muka bar gidan mishan muka kama haya. Ya sami koyarwa a wata makarantar kuɗi. An ce masa wataƙila wata rana a naɗa shi Fada ko da yana da mata, amma ranar ba ta zo ba, bai kuma yi gunaguni ba. Mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo ya koma zama kan benci kamar kowa. Ya roƙe ni sau ɗaya in bi shi, na ce a cocin nan aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura mana aure, bai ƙara ba. Kowace Lahadi da sassafe sai ya hau babur zuwa Magama, bakin iyaka, ya tsallaka cocinsu na Maraɗi. Jandarmomin Nijar sun san shi, ba sa ma tambayarsa takarda. Ni kuma in ɗauki gurasata in nufi cocinmu, domin matar sabon limami ba ta iya gashi ba, aka bar mini aikin. Tuwo kwano ɗaya muke ci, amma a teburin Ubangiji an raba mana kwano.

Da ya rasa wurin wa'azi sai ya koma rubuta labarai. Mutanen bakin iyaka ya riƙa rubutawa: direbobi, masu fasa-ƙwaurin shinkafa, mai tuwon tasha da ta san sirrin kowa. Aka buga, aka karanta a rediyo. Direbobi Musulmi suna tare shi a tasha suna yi masa faɗa don ya kashe wani yaron mota da suke so. Ban ƙi wannan ba. Abin da ya ci mini rai, ranar Asabar ina gashi, yana ɗaki yana rubutu, kujerar nan ba wanda ya jawo ta. Ranar Lahadi ya naɗe takardun ya tsallaka da su. Ya dawo da yamma yana cewa Fada ya ce kaza, Fada ya yi dariya a wuri kaza. Ƙarshen littafinsa na biyu, a bakin mai sayar da daddawa na ji shi a kasuwa. Ta ce, "Maman coci, ke da kika sani tun tuni, ashe matar nan ta labarin ba ta dawowa?" Na ce mata haka ne, na karɓi daddawata.

Ban taɓa ganin tsohon nan ba a lokacin. Ina aika masa gaisuwa, yana aiko mini da kilishi da cuku. Yara ke cinyewa.

Da aka rufe iyaka, ƙafafun maigida sun riga sun fara kumbura, hanyar Katsina kuma, inda akwai wani cocin nasu, ba ta da lafiya. Ya zauna a gida. Mutane suna kukan kasuwa ta mutu, ni kuwa na sami mijina. Ya dawo da kujera kusa da murhu, ya karanta mini littafinsa na ƙarshe babi babi. Na ce masa wani wuri ya yi tsawo. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Fada ma haka zai ce." Ya soke.

Wata Lahadi ya ce zai raka ni cocinmu. Na ɗaura zanen da yake so. Ya zauna a bencin baya, ya yi waƙoƙin duka, babu wadda ya manta. Da lokacin Jibi ya yi na durƙusa a gaba, na bar wuri kaɗan a gefena. Na ƙi waiwayawa. Wata yarinya ce ta zo ta cike wurin. A hanyar gida ya ce, "Gurasar ta gasu, har baya na ji ƙamshinta." Na ce masa itacen ne ya bushe da kyau.

An buɗe iyaka kafin ya rasu, amma bai ƙara tsallakawa ba. A Katsina aka yi masa sujadar jana'iza, a cocinsu. Mota guda ta zo daga Maraɗi, har da tsohon, ana riƙe da hannunsa. An sa ni a bencin gaba, kusa da akwatin. Sai mai koyar da addini ya tashi ya sanar, cikin ladabi, cewa 'yan Katolika kaɗai za su taso su karɓi gurasar. Suka taso. Suna ratsa ni suna cewa, "Gafara, Mama." Na janye ƙafafuna. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba su san ba ya cin barkono ba, ba su taɓa matsa masa ƙafa da ruwan zafi ba, suna ci tare da shi, ni ina riƙe da jakata.

Bayan an tashi tsohon ya kama hannuna da nasa biyu. Ba shi da abin ƙi, gajere ne, idonsa ya yi fari. Ya ce ƙofa a buɗe take, in ina so in koyi addininsu a karɓe ni. 'Yata ta fari ma ta ce in yi, ko don mu kwanta maƙabarta ɗaya.

Bayan takaba na tsallaka Maraɗi in ga cocin nasu. Suka karɓe ni hannu biyu. Wani dattijo ya nuna mini inda maigida yake zama, kusa da taga. Matan mawaƙa suka kewaye ni, kowacce da labarinta. Ɗaya ta ce ba za su sake samun murya irin tasa ba in ana waƙar Faransanci, shi ke ɗaukar ƙasan waƙar. Na ce mijina ba ya jin Faransanci. Suka yi dariya, suka ce ai su suka koya masa, har suna yi masa ba'a don yadda yake lanƙwasa baki. Suka rera mini wadda ya fi so. Ban san ko kalma ɗaya ba.

Na saurara har suka gama, na yi godiya. Na ga cewa in na shigo nan, baƙuwa zan zama, su ne za su riƙa ba ni labarin mijina. Na gaya wa tsohon zan yi tunani. Ya gane, bai matsa ba. Ban tsaya cin abinci ba, na nemi motar Jibiya tun rana ba ta yi sanyi ba.