Regina da Tankin Wanke Citta

A Kagoro, can gindin dutse, aka haifi Regina Kumai, 'yar manoman citta. Tun tana firamare aka san ta da kan lissafi, har Allah ya kai ta jami'a ta karanta injiniyanci. Ta ƙware a kan yadda ruwa ke gudu idan ya gauraya da iska ko laka, da yadda ake kwaikwayon hakan a kwamfuta. Aikin birni bai samu ba, sai ta dawo Kafanchan tana koyar da lissafi a wata sakandare, ba ta kuma raina aikin ba.

Wata shekara matan ƙungiyar manoman citta suka gaji da wanki a rafi, bayansu duk ya ƙage. Suka nemi Malam Zubair mai walda ya ƙera musu tanki mai farfela da zai juya ruwa ya wanke citta, Regina kuma ta zana masa. A kwamfuta komai ya tafi sumul. Ranar gwaji kuwa laka ta kwanta a gindi ta danƙare, kumfa ta taru a sama, citta ta fito da rabin ƙasarta.

"Injiniya," in ji Malam Zubair, "abin da kika zana shi na ƙera, ko inci ban ƙara ba."

"Na sani, Malam. Kuskuren daga wajena yake."

Mako biyu tana bin lissafinta layi-layi, ba ta ga inda ta kauce ba. Sai mahaifiyarta, Mama Keziya, wadda ta shekara talatin tana wankin citta, ta zo ganin tankin. Ta sa aka juya ruwan aka tsayar, ta zura hannu har kafaɗa.

"Ke Regina, sa hannu ki ji. Na sama kamar ba ruwa ba, na ƙasa kamar kunu. Ta yaya za su juya tare?"

Regina ta zura hannu, ta ji bambancin. Ashe a lissafinta nauyi ɗaya ta ba duk abin da ke cikin tankin, alhali ruwa mai laka ba ya saurin hargitsewa kamar mai kumfa. Ta koma ta raba su: ruwa da nauyinsa, laka da nata, iska da nata, aka kuma auna hargitsin kowane lungu na tankin gwargwadon nauyin abin da ke wurin. Tsohuwar kwamfutarta ta kwana uku tana nishi. Da hoton ya fito, ga laka kwance a gindi, daidai yadda ta yi ranar gwaji. Regina ba ta taɓa murnar ganin aiki ya lalace irin ta ranar ba.

Daga nan gyara ya zo da sauƙi. Aka sauke farfela ƙasa da taƙi ɗaya, aka ɗan karkata ta, aka buɗe wa laka mafita. Citta ta fito fes. Mata suka rangaɗa guɗa, Mama Keziya ta ɗaga hannu sama tana cewa, "Yabo ga Ubangiji, ni na haife ta!"

Har yau Regina tana riƙe da allinta a aji. Malam Zubair ya ƙera tankuna bakwai, biyu sun tafi Gwantu, ɗaya Madakiya, kuma ba ya yanka ƙarfe sai Injiniya ta duba zane ta ce to.