Murfin Akwatin Motar Baba

A gidanmu na Matameye, in sanyi ya shigo, Kaka, mahaifiyar Baba, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikokinta mu kewaye ta, ta miƙe ƙafafu, ta ba mu tatsuniya har kara ya ƙare. Na manta da yawansu. Wadda ta zauna mini ita ce ta ranar da Baba bai ci tuwo ba.

Baba yana da tsohuwar mota fara da yake jigilar fasinja da ita. Makullin ɗan akwatin nan na gaba, inda ake ajiye takardu, ya daɗe da lalacewa, sai ya ɗaure murfin da robar tayar keke. Ranar za mu ɗauko Alhaji Mamman daga Ɗan Barto, wanda ake nema wa yayana Sani auren ƴarsa. Baba ya wanke motar, ya dubi robar ya ga ta yi muni, ya cire ta, ya danna murfin har ya kama.

Ina baya tare da Inna, Alhaji yana gaba kusa da Baba. Muna dawowa motar ta faɗa rami, murfin ya buɗe, gwangwanin garin taba ya faɗo, ya zube a kan farar rigar Alhaji. Kowa a gida ya san Baba ya yi wa Kaka alkawarin barin taba tun ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi. Alhaji ya karkaɗe rigarsa, ya rufe gwangwanin, ya mayar, ya dafe murfin da gwiwarsa, ya ci gaba da zancen damina. Ni na sunkuyar da kai, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har muka iso ban iya duban ƙeyar Baba ba.

Da yamma, bayan ƙanen Baba ya mayar da Alhaji gida, Baba ya kwance murfin gaba ɗaya, ya zauna da shi nesa da wuta, da fitila da turnabis, abin kwance ƙusa. Ɗan nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke tura harshen makullin ne ya karye. Ya fasa wani tsohon bik na rubutu ya ciro irin ƙarfen daga cikinsa, yana gwadawa yana subucewa. Na ji yana gaya wa Inna ƙasa-ƙasa cewa in za a koma Ɗan Barto sai dai ƙanensa ya je.

Ban san wa ya gaya wa Kaka ba. Ta dai ɗaga murya fiye da yadda ta saba. «Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri.»

Wai wani manomi ne mai cika bakin rumbunsa cike yake. Ran nan iska ta ɗauke jinkar rumbun, maƙwabcinsa yana wucewa ya leƙa, ya ga ko zangarniya babu. Ya ɗauki jinkar ya mayar, ya ɗaure, ya yi tafiyarsa, bai gaya wa ko matarsa ba. Ashe manomin yana kallo. Daga ranar ya sake rijiya, ya sake masallaci, in ya hango maƙwabcin sai ya ratse. Shekaru suka shuɗe. Da ajali ya zo wa maƙwabcin, sai ya roƙi ƴaƴansa su je su tambayo laifin da ya yi, a yafe masa.

Muka tambaya ko manomin ya je. Kaka ta tura kara cikin wuta. «Ya je, ya tarar ana wankan gawa. Wanda ya rufa maka asiri, ba a biyan sa da gudu.»

Ba wanda ya dubi Baba. Sai can muka ji harshen makullin ya yi ƙas. Da safe ya mayar da murfin, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi Ɗan Barto shi kaɗai. Abin da suka ce wa juna shi da Alhaji ban sani ba. An yi auren, kuma har tsufansu tabarma ɗaya suke zama a wurin suna.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar yabon maƙwabcin ce. Sai da na girma, shekarar da maigidana ya rasa aiki, wata maƙwabciyata ta shigo ɗiban wuta ta tarar murhuna a sanyaye. Ta koma gida, ta aiko da kwano a rufe. Washegari na ga ƙafata tana neman wata hanyar zuwa famfo, don kada in wuce ƙofarta. Na tsaya a bakin lungun, na gane da wa Kaka take. Wanda ya ci mutuncinka kana iya duban idonsa, don fushi yana riƙe ka. Wanda ya gani ya yi shiru, shi ne mai nauyin fuska. Na juyo, na yi sallama a ƙofarta.