Ɗago Kai In Ga Bakinki

Ƴata ta fari malama ce a wata jami'a a ƙasar waje. Aikinta binciken yadda kunnen mutum yake rarrabe sautin magana, yadda yake tsinto muryar mutum ɗaya a cikin hayaniyar kasuwa. A kan wannan ta ƙare ƙuruciyarta, daga Damagaram zuwa Yamai, daga Yamai zuwa inda take yanzu. Ni kuwa ƙaramar lakwal, wato firamare, kaɗai na yi, na fito na kama injin niƙa a bakin kasuwar Matamaye, a nan na tsufa.

Injin ne ya cinye mini kunne, a hankali. Da farko in na kashe shi da yamma sai in ji kamar ƙudan zuma a kaina har in kai gida. Daga baya muryoyin mata da na yara suka fara dushewa. A wurin aiki ban damu ba, don a gaban inji kowa kurma ne. Matan Kurni da na Dawce su kawo gero ko dawa, in dubi bakinsu in gane barza suke so ko lilis. Da haka na saba ji da ido. Muddin mutum yana fuskantata, babu mai cewa ina da matsala.

Matata kaɗai ta sani. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, don ina ƙin a riƙa yi mini ihu a majalisa kamar ana kiran jaki. In yarinyar ta kira waya, ita ke ɗauka, ta zauna inda nake ganin fuskarta, ta riƙa maimaita maganar kamar mai mamaki: "Au, kin ce sanyi ya sauka a can? Kin ce an ƙara miki matsayi?" Sai in karɓa in sa albarka daidai da zancen. Da Allah ya yi wa matata rasuwa, gidan ya yi shiru, wayar kuma ta dawo hannuna.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ita ma tun tana ƙarama in za ta yi mini magana sai ta durƙusa, kai a ƙasa, gefen mayafi a baki, murya can ciki. Tarbiyya ce, ni ma ina alfahari da ita. Amma duk garin nan babu wanda ban iya jin maganarsa kamar ita. A waya kuma babu bakin da zan kalla. In ta kira sai in ji wani zuu mai hawa da sauka, in ya tsaya in ce "lafiya lau", ko "to, madalla", in sa albarka in kashe.

Wata rana ina zaune a rumfar taubashina, ɗan kawuna mai sayar da goro, sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido.

"Kai wane irin uba ne? Yarinya tana gadon asibiti, an yi mata aiki a ciki, ta kira ka ta faɗa maka, ka ce mata madalla? Ko buhun dussa aka kawo maka ai ka fi haka magana."

Matarsa ce ta ji daga bakin yarinyar. Na ce rezo, wato layin waya, shi ne ba shi da kyau ranar. Ƙarya na yi, kuma ko da na koma gida ban kira ta ba, don ban san yadda zan ji amsarta ba. Daga nan kiranta ya ragu. Sai dai matar taubashin ta aiko a ce yarinyar tana gaishe ni. Na san abin da take zato: uban da bai taɓa kiran sunanta ba, yanzu da babu uwa a tsakani, ya gaji da ita. Na bar ta da wannan zaton, saboda ya fi mini sauƙi da a ce mini kurma.

Da damina yarinyar ta zo gida da kayan aikinta. Ta share ɗakin mahaifiyarta, ta rataye barguna a bango don su tare ƙara, ta ajiye na'ura a kan tebur. Tana neman masu Hausar nan gida, tsofaffi da matasa, su zo a gwada jinsu. Mutanen unguwa suka yi ta shiga suna fitowa suna dariya. Ni ina fita tun da safe, sai magariba. In ta kawo abinci ta durƙusa ta yi magana cikin mayafi, in gyaɗa kai.

Taubashin ne ya ja ni har ƙofar ɗakin.

"Malama, ga wani tsoho na kamo miki. Gwada shi, in kin sami gari a kunnensa nawa ne, in yi kunu."

"Sake ni, kai da haƙoranka duk goro ya gama da su."

"Haƙori ake gwadawa? Zauna!"

Na zauna. Ta sa mini abin saurare ya rufe kunnuwana biyu. Za a faɗi kalma a cikin hayaniya, ni kuma in nuna hoton abin da aka faɗa. Hayaniyar na ji, ban ji kalma ko ɗaya ba. Na yi ta nuna hoto da ka, fuskata a ɗaure kamar mai tabbaci. Can sai aka sauya: fuskar wata mata ta fito a gilashin na'urar, tana faɗin kalmomin cikin hayaniyar dai. Nan hannuna ya saki, tana rufe baki ina nunawa.

Da aka gama, yarinyar ta daɗe tana kallon na'urar. Ta sallami taubashin da ladabi, ta rufe ƙofa. Ta durƙusa yadda ta saba, ta yi magana mai tsawo, kai a ƙasa. Da ta tsaya, "to, madalla" ta zo har bakina. Na haɗiye ta.

Na ce, "Ɗago kai in ga bakinki."

Ta ɗago, da ƙyar. Rabona da in ga fuskarta gaba da gaba tun tana goye. Akwai furfura a gefen ɗankwalinta. Ta janye mayafin, ta ce a hankali, "Baba, tun yaushe?"

"Tun kina lakwal a Damagaram."

"Ranar da na kira daga asibiti fa?"

"Ban ji komai ba."

Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ta faɗi wani abu a cikin tafinta, wannan ma ya wuce ni, ban kuma tambaya ba.

Kafin ta koma ta kai ni wurin likitan kunne a Damagaram. Ya ce abin da ya tafi ya tafi. Ya ba ni ƴar na'urar sawa a kunne, tana taimakawa kaɗan, tana kuma yi mini fito in na sunkuya alwala. Yarinyar ta bar mini waya mai hoto, ta koya mini inda zan danna.

Yanzu ni kaɗai ne a gidan, injin ma na bar wa wani. Ran Juma'a bayan la'asar nakan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, inda rezo ya fi kamawa, in jingine wayar a jikin buta in jira. Wani lokaci hoton ya daskare, bakinta a buɗe, muryar ta wuce ta bar ni. Wani lokaci ita ce ke mantawa ta sunkuyar da kai, sai na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ta ɗago tana murmushi. Ni ma kallon yana yi mini nauyi, har yau ban saba ba.

A Juma'ar da ta wuce na ce ta ba ni labarin aikin da aka yi mata, tun daga farko. Ta faɗa sannu a hankali, tana fuskantata: yadda ciwon ya fara a wurin aiki, yadda ta farfaɗo babu kowa nata a ɗakin, yadda ta nemi wayarta ta kira gida. Na saurare ta har ƙarshe, ban ɗauke ido ba. Na ce mata sannu, na ce ta yafe mini. Ta buɗe baki za ta amsa, hoton ya tsaya. Na zauna riƙe da wayar har aka kira magariba, sannan hoton ya dawo, ta sake faɗa cewa ta yafe, na gani.