Tamis a Cikin Kabad

A unguwar Sa'alaba na tashi, ɗaki guda, ni da Ummata. Umra ta kawo ta Jidda, ta yi zamanta ba iƙama, takardar izinin zama. Duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko da mai kawo gas ne, sai ta tura ni cikin kabad ɗin kaya, ta cusa mini tamis a baki, burodin nan mai faɗi. "Tauna, habibti, kar a ji ki." Ina shekara tara ta fita sayo tamis da hantsi, aka kama ta, aka mayar da ita Najeriya. Can ta rasu. Maƙwabciyarmu ce ta riƙe ni.

Tun daga ranar bakina bai huta da ci ba. Yanzu bene biyu sai na tsaya sau uku kafin in hau, likita kullum faɗa kan ciwon suga. Mutane kuwa cewa suke daɗi ne ya yi mini yawa. Daɗin me?

Bara na sami aikatau a unguwar Safa, gidan wasu 'yan ƙasar Sin. 'Yarsu shekararta goma sha huɗu. Tun yaye suka bar ta wajen kakarta a ƙasarsu, sai da tsohuwar ta mutu suka ɗauko ta. Ta zo da jiki, kumatu kamar fanke. Uwar ta sa wa firji kwaɗo, ta ce da ni cikin tsintaccen Larabcinta, "In kika bari ta ci, halas, ki tafi."

Ran nan da azahar na buɗe kabad zan jera kayan guga, sai ga yarinyar a dunƙule a ciki, tana tusa gayan burodi, idonta a rufe. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma na san wannan taunar. Na zauna a ƙasa.

Sai uwar ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Yarinyar ta buɗe baki za ta fashe da kuka. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya gutsuri burodin ya cusa mata ba.

"Tauna, habibti, kar a ji ki."

Muryar Ummata ce sak, daga bakina ta fito. Na ja murfin kabad na rufe.

Ban rasa aikin ba. Har yau yarinyar tana shiga kabad, kuma ni nake sayo mata burodin.